Ajiye aiki ka koma lakwal, ko koyo albashi na shigowa?

Ƙanena, na ga tambayarka. Ka ce shekara bakwai kana riƙe da lissafin kuɗi a wata ƙungiya mai zaman kanta a nan Maradi, ga iyali, ga kuma zuciya ta karkata ga kimiyyar bayanai, wato ilimin tace tarin bayanai da kwamfuta a fito da ma'ana. Ka ajiye aiki ka tafi neman masta, ko ka zauna kana koyo bayan an tashi daga biro? Zan jera maka su biyun, amma ka sani tun yanzu ba daidai nake ganinsu ba.

Komawa lakwal tana ba ka abu biyu: takarda da tushe. Masta shekara biyu ce bayan lasans. Makarantun ƙididdiga da ake ji da su, ENSEA ta Abijan, ENSAE ta Dakar da ISSEA ta Yawunde, da jarrabawa ake shigarsu, lissafi kuma shi ne rariyar da ke tace mutane. Akwai AIMS, cibiyar kimiyyar lissafi ta Afirka, a Senegal mai ɗaukar nauyin ɗalibanta, ita ma sai wanda lissafinsa ya nuna. In burinka Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa ce a Yamai, ko koyarwa a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, to babu wani kewaye, takardar za a fara tambaya. Kuma malamin da zai duba aikinka ya ce maka samfurin mutanen da ka ɗauka bai isa ka yanke wannan hukunci ba, bidiyon intanet ba ya maye gurbinsa.

Sai dai kai da ke harkar lissafi, yi wannan: ba kuɗin makaranta ne babban nauyi ba, albashin wata 24 ne da ba zai shigo ba. Hayar gida ba ta san kana karatu ba, buhun hatsi ma haka.

Hanya ta biyu ba ta cin jikka da yawa, lokaci take ci. Excel ɗin da kake ganin ka iya, ka fara zurfafa shi. Daga nan SQL, yaren da ake tambayar rumbun bayanai da shi, sannan Python ko R, yarukan ba kwamfuta umarni, ɗaya kawai, kada ka kama biyu. Shafin intanet na Kaggle na da gajerun darussa kyauta. Kwas ɗin nazarin bayanai na Google a shafin karatu na Coursera an tsara shi a kan kamar wata shida, shafin OpenClassrooms kuma da Faransanci yake koyarwa. Tsohuwar kwamfuta ba ta hana, tunda Google Colab, shafin da kake rubuta umarninka a ciki, a kan injinan Google yake yin aikin, kai dai intanet zai ci maka.

Wahalar wannan hanya a gida take. Ka dawo a gajiye, a watan Afrilu zafi ya yi zafi, wuta ta ɗauke, gobe suna, jibi gaisuwar rasuwa a Tibiri. Shi ya sa nake cewa kowa ya bar zancen dare, awa ɗaya bayan sallar asuba ta fi awa uku bayan isha'i. Ga kuma Turanci: mu da muka yi lakwal da Faransanci, ranar da kwamfuta ta ƙi aiki da Turanci za ta faɗa maka laifinka, amsar ma galibi da shi aka rubuta ta. Cutar da ta fi waɗannan duka ita ce tarin takardun shaida. Mutum ya gama kwas biyar, ka miƙa masa tebur mai layi dubu uku inda aka rubuta sunan Gidan Rumji iri huɗu, sai ya tsaya yana kallonka. Alhali gyaran irin wannan dattin shi ne mafi yawan aikin.

A nan ne ka fi ɗalibin da ya fito sabo. Shi da bayanan da aka wanke masa ya yi karatu, kai kuwa shekara bakwai kana kokawa da rasit da ya ɓata da lambar da aka shigar sau biyu. In ka ajiye aiki, wannan jarin ka bari a baya.

Duba kuma sanarwar ɗaukar ma'aikata da ke fitowa a jihar nan. Da wuya ka ga ana neman masanin kimiyyar bayanai da wannan suna. Abin da ake nema shi ne jami'in bibiya da auna ayyuka, ko mai kula da bayanai: wanda ya iya tsara tambayoyin bincike a manhajar KoboToolbox, ya san DHIS2 da ake tara bayanan asibitoci a ciki, ya iya fito da rahoto a manhajar Power BI. Wannan ƙofar a ƙungiyarku ma tana nan, wataƙila biro biyu ne tsakaninku.

Da ni ne, ba zan rubuta takardar ajiye aiki ba. Zan ba kaina wata shida, in ɗauki aiki guda na nuni: farashin hatsi da SIMA, hukumar bayanan kasuwannin amfanin gona, ke tattarawa daga kasuwanni, in kwatanta Maradi da Tasawa da Dakoro, in nuna yadda yake faɗuwa da kaka, ya hau cikin damina kafin sabon hatsi ya shigo. Bayanan wurin aikinka kuwa amana ne, kada ka ɗora su a intanet, ko a gida za ka gwada hannu da su sai da izinin shugabanka. In wata shidan sun cika kana jin daɗin abin, ka ɗauki aikin ka kai wa mai kula da bibiyar ayyuka a ƙungiyarku, ka ce a ba ka rahoton wata uku mai zuwa ka gwada. Masta sai ta biyo baya, ranar da ka samu mai ɗaukar nauyinta.