Ɗan jagoran da ya kai mu haikalin Minakshi a Madurai

Jinyar yayana ce ta kai mu birnin Cennai na ƙasar Indiya, kuma da likita ya ba mu mako guda kafin ya sake duba shi, sai muka hau jirgin ƙasa zuwa Madurai, tsohon birnin nan na jihar Tamil Nadu da ke bakin kogin Baigai. A masaukinmu aka haɗa mu da wani ɗan jagora, aka ce ya san garin kamar yunwar cikinsa, muka biya kuɗin yini guda ba tare da ciniki ba.

Mun yi da shi zai zo ƙarfe tara na safe, bai iso ba sai sha biyu ta gota, alhali ya san ana rufe haikalin Minakshi, babban wurin bautar mabiya addinin Hindu, da sha biyu da rabi, ba a buɗewa sai ƙarfe huɗu. Muna kan layin ajiye takalma aka ce lokaci ya ƙure. Ko haƙuri bai ba mu ba, sai ya ce akwai wani bene da ake hawa kyauta a hangi hasumiyoyi. Ashe kantin sayar da dardumai da kayan tagulla ne. Mutumin nan yana kallon yayana yana dafe ciki, ɗinkinsa bai gama warkewa ba, amma ya sa shi hawa matakala har sama, kuma da muka sauko aka zaunar da mu ana ta warware mana dardumai, shi yana gefe yana shan shayi da mai kantin. Da na ga zufa ta jiƙe rigar yayana na ce, "Yaya, tashi mu tafi," sai ɗan jagoran ya haɗe rai kamar mu muka yi masa laifi.

Da yamma kuwa ya nuna ya san aikinsa, ba zan ci haƙƙinsa ba. Shi ya kai mu inda ake ajiye waya, domin an hana shiga da ita tun bayan gobarar da ta tashi a haikalin a 2018, ya kuma bayyana mana cikin ladabi cewa wanda ba Hindu ba ba ya shiga ɗakunan bauta na can ciki, mu ma kallon gini muka zo yi. Hasumiyoyi 14 ne, ta kudu ta haura mita 50, an cika ta da sassaƙa mai launi tun daga ƙasa har ƙololuwa. A zauren da ake kira mai ginshiƙi dubu ya ce mana 985 ne, ya ba mu labarin sarki Tirumalai Nayak, da yadda titunan da suka kewaye haikalin suke ɗauke da sunayen watannin Tamil, kamar Citirai da Masi. Masu ziyara suna wucewa ba takalmi, da farar toka a goshi, mata da furen yasmin a gashi.

A nan na kusa yafe masa, sai na tuna fadar sarkin, wadda aka gina a 1636, tana cikin abin da muka biya, ga shi an riga an rufe. Masallacin Kazimar ma da muka roƙi ya kai mu, da tambaya muka gano shi da kanmu. A daren nan yayana bai runtsa ba saboda ciwo. Duk wanda zai je, ya yi sammako, kuma kada ya yarda a hau da shi benen kowa.