Sharhi kan tef ɗin rifilekta: kada ƙyallin rana ya ruɗe ka

Iri biyu na tef ɗin rifilekta ake samu wajen masu kayan mota a Jos, kuma duka na manna su a bodin motar kaya har damina da hunturu suka wuce a kansu. Mai zanen saƙar zuma ya ci kuɗinsa. Mai santsin nan na araha bai kama ƙafarsa ba, ko da yake da rana kusan ɗaya suke a ido.

Bambancin yana cikin tef ɗin. Madubi gefe yake karkatar da haske, farin fenti kuma watsa shi yake ko'ina, amma rifilekta ta hanyar da haske ya zo yake mayar da shi. A cikin mai saƙar zuma akwai dubban ƙananan lunguna, kowane da fuska uku da suka haɗu a digiri 90, kamar inda bango biyu suka haɗu da daɓen ɗaki. Hasken fitila zai bugi fuskokin uku ɗaya bayan ɗaya, ya juya wajen direban da ya hasko. Irin wannan lungu guda 100 'yan sama jannatin Apollo 11 suka ajiye a duniyar wata a 1969, har yau ana harba wa lungunan hasken leza ya dawo. Na arahar kuwa ƙananan ƙwayoyin gilashi ne a kan shimfiɗar aluminiyam, kuma haske mai yawa a ciki yake ɓacewa. A gangara irin ta Hawan Kibo, inda mota mai nauyi ke buƙatar tazara kafin birki ya kama, wannan bambancin haske ba ƙarami ba ne.

Kafin ka biya, ka gwada. Sa tef ɗin a wuri mai duhu, ja baya kamar taku 20, ka kunna tocilar waya ka riƙe ta dab da idonka. Na ƙwarai zai kama kamar an kunna ƙwai; ka miƙa hannu gefe, ya dushe. Wannan ne ma dalilin da direban tirela, da ke zaune can sama da fitilunsa, ba ya ganinsa da ƙarfin da mai ƙaramar mota ke gani. Nemi mai faɗin milimita 50 da tambarin 104R, alamar cewa ya cika ƙa'idar ingancin rifilekta, amma kada ka dogara da tambarin kaɗai, masu jabu ma suna bugawa. Ja a baya, rawaya ko fari a gefe. Fari a baya yana sa na bayanka ya ɗauka mota ce ke tahowa.

Wajen mannawa yawanci ake ɓata shi. A wanke bodin da sabulu, a goge da sifirit, a bari ya bushe sarai, domin ɗigon baƙin mai ko tsatsa ya isa ya hana gam kamawa. A sanyin Disamba da Janairu kada a manna da sassafe: gam ba ya kama ƙarfe mai sanyi, a jira rana ta ɗumama shi. Kada a ja tef ɗin ya miƙe, kada a bi da shi ta kan ƙusa ko mahaɗar ƙarfe, a yanka a tsallake. A danne bakin sosai da roba mai tauri, a kuma hana yaran wankin mota fesa masa ruwan inji na kwana biyu zuwa uku.

Mai saƙar zumar ma yana da aibi. Yana da tauri, don haka a lanƙwasa mai kaifi bakinsa yakan ɗaga, ruwa ya shiga lungunan, wurin ya mutu. Ƙurar hunturu kuma tana rage shi ƙwarai, sai ana bi da jiƙaƙƙen tsumma kafin tafiyar dare. Ba shi da hasken kansa: mai babur da ya taho ba fitila ba zai gan ka ba, don haka a gyara fitilun baya ko da an manna tef.