Wasan Prudencia Hart: kallon ya ci kuɗinsa, littafin kuma da sauran magana

Duk wanda ke Sikotland ya ji an ce za a sake nuna The Strange Undoing of Prudencia Hart, kar ya tsaya shawara, ya yanki tikiti kawai. Ni da ƙyar ƙawata ta ja ni, don da na ji wai wasa ne da baitoci sai na ce Turancin mutanen nan na hira ma ban gama kama shi ba balle an ɗora masa amsa-amo. David Greig ne ya rubuta, Wils Wilson ta ba da umarni, kamfanin wasan kwaikwayo na ƙasar ya fara nuna shi a 2011, kuma tun asali ba don babban dandamali aka tsara shi ba, a mashaya ake yi, 'yan kallo na zaune a tebura 'yan wasa biyar na ratsa su. Zancen mashayar nan ya so ya hana ni zuwa gaskiya, sai da na tabbatar inda za mu zaure ne aka jera wa tebura. Lemona na sha, ba wanda ya ko kalle ni.

Kafin a fara suka bi mu tebur tebur wai mu yayyaga tishu ƙanana ƙanana, ga wani dattijo kusa da ni da kwat ɗinsa da gilashi ya duƙufa yana yaga kamar an biya shi. Ashe dusar ƙanƙara muke haɗawa. Da Prudencia, jarumar wasan, ta kama hanyar Kelso, garin da ke bakin kogin Tweed, za ta taron malaman jami'a a kan tsofaffin waƙoƙin iyakar Sikotland da Ingila, sai aka ce mu watsa sama, zauren ya yi fari fat. A Kelso ɗin nan aka fara buga tarin waƙoƙin da marubuci Walter Scott ya tattara a 1802, kun ga ba a banza aka kai labarin can ba.

Amma abin da ya sa nake rubutun nan daban ne. Rabin farko duk baitoci ne bibbiyu masu ƙarewa da sauti ɗaya, har kunnenka ya saba, kana jin layin farko ka fara cankar inda na biyu zai sauka, wani lokacin su ba ka abin da ka canka wani lokacin su zame maka da gangan a kwashe da dariya. To ƙanƙara ta tare Prudencia a garin Kelso, ta faɗa wani masauki cikin dare, ashe mai masaukin, Nick, Shaiɗan ne, masaukin kuma wuta ce, da ɗakin karatu cike da littattafai, taga na kallon filin ajiye motoci na babban kantin Asda. Tana shiga nan amsa-amon ya yanke. Magana zalla. Wallahi na ɗau lokaci ban gane me ya dame ni ba, ƙirjina dai ya yi nauyi, kamar a ɗauke wuta fanka ta tsaya sai a lokacin ka san da ma tana ƙara. Ba wanda ya fito ya ce mana ga azabar da take ciki, hana mu abin da muka saba aka yi muka ji a jikinmu. Da baitocin suka fara dawowa a bakinta kaɗan kaɗan tana amfani da su ta sassauta Nick, tsikar jikina ta tashi. Wanda ya tashi da karatun rubutattun waƙoƙinmu ya san yadda kunne ke jiran harafin ƙarshen baiti, shi zai fi kowa jin wannan wurin.

Da zafi zafi na yi odar littafin, bugun kamfanin Faber. Nan ne raina ya ɓaci. Mai sayarwar ya rubuta wai kamar sabo, ya zo a makare, bango a lanƙwashe, ga tabon kofi ya ci shafukan farko, na tura saƙo shiru kake ji har yau. Na haƙura na karanta a haka. Kuma ba zan yi ƙarya ba ya amfane ni, duk shaguɓen da ake wa malaman jami'a a wurin taron, da cika bakin Colin Syme abokin hamayyarta, rabinsu sun wuce ni a zaure saboda karin harshe da sauri, a takarda na zauna na ci dariyata a tsanake. Sai dai wurin nan da ya girgiza ni, a shafi ido na ganin layuka sun sauya fasali tun kafin ka kai, an riga an tona asiri. Kiɗan goge da waƙoƙin kuwa babu su, sai sunansu.

Tun da na fara mita bari in ƙarasa, teburin da aka ba mu na bakin ƙofa ne, sanyi na shigowa, duk sa'ad da wasan ya koma can ƙurya sai mun murɗa wuya, ga kuɗin tikiti ɗaya da na waɗanda ke tsakiya. Rabin na biyu ma ya ɗan ja, na gane nufin a ji tsawon zamanta amma bayana ya gaya min. Waƙar Kylie Minogue da aka rufe da ita ƙawata har da hawaye, ni dai ba ta kai min can ba.

In za ku je ku isa da wuri ku kama tebur na tsakiya, kuma kar ku taɓa littafin sai kun kalla. Na hannu kuwa sai mai sayarwa ya turo hoton ciki.