Lissafin Markov ko na jerin gwano: wanne ya fi faɗin gaskiya idan injin ɗaya ne?

Malama, kin tambayi bambancin lissafi biyun da ake auna ko magani ya ci kuɗinsa, da kuma wanda ya dace a yi aiki da shi idan asibiti ba ya iya ɗaukar kowa.

Na Markov shi aka fi sabawa da shi. Ana kasa marasa lafiya rukuni-rukuni: masu sauƙi, waɗanda ciwo ya dawo musu, waɗanda suka rasu. Sai a bi su shekara-shekara ana tara kuɗin da aka kashe da shekarun lafiyar da aka samu. Yana da sauƙin haɗawa, ko a Excel ma. Hukumar NICE ta Ingila, mai tantance magungunan da asibitocin gwamnati za su biya, ta yi shekaru a baya tana ɗora irin wannan sakamako a kan ma'aunin fam 20,000 zuwa 30,000 kan kowace shekarar cikakkiyar lafiya. Sai dai yawanci yana ɗauka cewa duk mai buƙata yau za a duba shi yau.

Na jerin gwano kuwa kwamfuta ce ke bin mutum ɗaya-ɗaya: ranar da ya zo, injin da ya tarar a cike, makonnin da ya yi yana jira ciwo na ci.

Ɗauki gashin sankarar mama, wato ƙona ta da haske a inji (radiotherapy). A da zama 25 ake yi cikin mako biyar, aka koma 15, sannan gwajin FAST-Forward na Birtaniya ya nuna a 2020 cewa zama 5 cikin mako guda ya wadatar wa mata da yawa. Na Markov zai ce an rage kuɗi kan kowace mace, shi ke nan. Amma a ce injin na ɗaukar zama 200 a mako. Da tsarin 25, mata takwas ne za su fara duk mako. Da tsarin 5, mata 40. Matan nan 32 da suka tsira daga jira, na jerin gwano ne ke ganin su, kuma a ganina ribar tana wajensu.

Wahalarsa bayanai: sau nawa injin ke lalacewa, ma'aikata nawa, mutum nawa ke zuwa a wata. Tattara wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

In ƙwaya ce da ake saya a kemis, Markov ya ishe ki. In wankin ƙoda ne, ko tiyata, ko gashi, musamman a asibitocinmu da jihohi da dama ke dogaro da inji guda, ki yi na jerin gwano.