Jigo ko ɗango: wanne za a riƙa bayarwa duk mako?

Malama, kin ce kina so ki riƙa ba masu koyon rubuta waƙa aiki duk ranar Juma'a, amma kin rasa wanda ya fi: ki ba su jigo kawai, kamar "damina" ko "uwa", ko kuwa ki ba su ɗango ɗaya, wato layi ɗaya na waƙa, su gina a kansa. Na gwada duka biyun, kuma ba iri ɗaya suke haifarwa ba.

Jigo ya fi sauƙin bayarwa, ya kuma fi tara jama'a. Kina cewa "damina" kowa zai ji yana da abin faɗa, har wanda bai taɓa haɗa baiti ba. Matsalar tana fitowa ne ran da aka kawo aikin. Za ki ga goma sun fara da godiya ga Allah da ya saukar da ruwa, sun bi da tsirrai sun yi kore, sun rufe da addu'ar kaka mai albarka. Maganar gaskiya ce, amma kusan duk magana ɗaya ce aka yanyanka ta layi-layi. In kika ce a rera, nan za a ji harshe yana tuntuɓe, domin jigo bai gaya wa kowa inda gaɓa mai nauyi, wato wadda ake ja wajen furuci kamar "yau" ko "san", za ta faɗa ba.

Ɗango kuwa yana zuwa da kayansa a ɗaure. Ga misali wanda na haɗa:

Ruwa ya zubo yau, gari ya yi sanyi.

Ki karanta shi da ƙarfi. Gaɓa marar nauyi ɗaya, masu nauyi biyu, sau huɗu: ru-wa-ya, zu-bo-yau, ga-ri-ya, yi-san-yi. Wannan tsarin gaɓoɓi shi ake kira kari, kuma karin Mutaƙarab ke nan; ko da ba ki faɗa musu sunansa ba kunnensu ya riga ya ɗauka. Amsa-amon ma ya fito, "yi". Yanzu mai koyo dole ya shiga farautar kalma: nauyi, tsayi, ra'ayi, shayi. To, a wannan farautar ne abin mamaki yake faruwa. Wanda ya kamo "shayi" ya bar gona ke nan, ya koma bakin titi:

Samari a rumfa suna ɗora shayi.

Da jigo kaɗai aka ba shi, da wuya ya tuna da rumfar mai shayi a ranar ruwa. Ƙuncin amsa-amo ne ya tura shi can.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tahamisi ai shi ne a ɗauki baitin wani mai ƙwar biyu a ɗora masa ɗango uku a sama ya zama ƙwar biyar, kamar yadda Isa ɗan Shehu Usmanu ya yi wa waƙar Tabban Haƙiƙa. Aliyu Namangi ma a kan karin waƙar Caji ya ɗora Imfiraji, ya zuba wa'azi a mazubin da mutane suka riga suka saba ji.

Sai dai ɗango yana da nasa nauyin, kuma a kanki yake. In kika bayar da wanda karinsa ya karye, duk wanda ya bi ki zai karye tare da ke. Sannan wasu za su ji tsoro su noƙe, musamman masu rubuta waƙa marar amsa-amo, waɗanda su ma suna da gurbinsu. Akwai kuma masu cusa kalma don dai ta yi daidai da ƙarshen layi, ma'ana ta tafi ta bar su.

Ni dai a ganina, tunda masu koyo ne, ki ba ɗango mako uku, jigo mako ɗaya. Ran jigon kuma ki matse shi: maimakon "damina", ki ce "ɗakin da yake yoyo" ko "takalmi a cikin taɓo". Ki ƙayyade baiti biyar masu ƙwar biyu, kada su wuce. Kuma ki nemi kowa ya turo da muryarsa yana rerawa tare da rubutun, ko da a waya ya ɗauka, domin a nan za ki ji inda kari ya karye tun kafin ki duba takarda.