Nomex, Kevlar ko Dyneema: Wanne Zare Ne Ke Jure Wuta?

Mai aiki kusa da wuta ya nemi rigar da aka saƙa da meta-aramid, wato zaren Nomex da kamfanin DuPont ya ƙirƙiro ko Teijinconex na Teijin. Shi ne zaɓina.

Sinadarai biyu ake haɗawa a yi shi, m-phenylenediamine da isophthaloyl chloride. Kowannensu na ɗauke da zoben benzin, wato zoben ƙwayoyin kabon guda shida, kuma waɗannan zobba na cikin abin da ke hana zaren narkewa. In zafi ya kai wajen digiri 370 na ma'aunin Selshiyas, sai ya taurare ya koma gawayi, ba ya ɗiga a jikin mutum. Juriyar a cikin ginin zaren take, ba shafa masa aka yi ba, don haka wanki ba ya cire ta. Sarƙar ƙwayoyinsa a lanƙwashe take, shi ya sa yadin ke da laushi. Nau'in Nomex IIIA ya fi dacewa: kashi 93 Nomex, kashi 5 Kevlar don kada yadin ya tsage a cikin wuta, kashi 2 zare mai hana tartsatsin lantarki.

Kevlar, wanda Stephanie Kwolek ta gano a 1965, ɗan'uwansa ne a dangin zaren aramid, sai dai sarƙarsa a miƙe take sambal, ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Ya yi kyau a safar hannu, amma riga sukutum da shi ta yi tauri. Dyneema kuwa, zaren roba na polyethylene, wuƙa ba ta yanka shi da sauƙi, amma kafin digiri 155 ya narke. PBI, wani zaren mai jure wuta, na da kyau, tsada ce matsalarsa.

Babbar damuwar ita ce jabu. Ana rina poliyesta ruwan ɗorawa a kira shi Kevlar, alhali wajen digiri 260 yake narkewa ya manne wa fata, ƙunar ta fi ta harshen wuta muni. Ciro zare ɗaya daga cikin ɗinki ka kunna masa ashana. Aramid zai yi baƙi, wutarsa ta mutu da zarar ka janye ashanar, poliyesta kuwa zai dunƙule ya ɗiga. Gwada zaren ɗinkin shi ma, domin wasu na ɗinke yadi na gaske da nailan, wuta na taɓawa rigar ta wargaje. Duba lambar ƙa'idar kariya daga wuta, EN ISO 11612 ko NFPA 2112 a jikin riga, EN 407 a safar hannu, ka kuma nemi takardar gwajin, tunda buga tambari ba wuya.

Kada ka wanke aramid da bilic mai kulorin, yana cinye zaren. Ka shanya a inuwa, hasken rana na rage masa ƙarfi.