Katakon ok ko iroko: wanne ya dace da kantar littattafai a Gombe?

Wani malami, mazaunin Tudun Wada a nan Gombe, ya yi tambaya game da kantar littattafai da yake so a kafa masa a bangon falo. Ya ce ya ga hotunan kantoci na katakon ok (itacen da ake kira oak da Turanci) a gidajen Turai sun ba shi sha'awa, kafintansa kuma ya ce zai samo masa, amma wani abokinsa ya ba shi shawarar ya tsaya a kan iroko, shi ya sa yake neman a kwatanta masa su biyun kafin ya fitar da kuɗi. Malam, tun daga farko zan gaya maka cewa iroko nake goyon baya, ko da yake ok katako ne da ya ci sunansa.

Kafin a je ga kwatance, ya kamata ka tabbatar da abin da kafinta yake nufi, domin itacen ok ba ya fitowa a dazukanmu. A ƙasashe masu sanyi irin su Faransa, Jamus da Amurka ake sare shi, duk wanda ya iso Najeriya kuwa ta jirgin ruwa ya zo kuma da kuɗin waje aka saye shi. Galibin abin da ake kira da wannan suna a shagunanmu allon MDF ne, wato garin katako da aka matse da gam, aka manna masa takarda mai zanen ok. Akwai kuma filawud ko MDF da aka lulluɓe da siririn yankan ok na gaske wanda kaurinsa bai kai milimita 1 ba. Gane su ba wuya: ka ce a nuna maka bakin allon inda zarto ya yanka. Ok na gaske za ka ga layukan shekarun itacen sun lanƙwasa, da ƙananan ramuka jere a kan kowane layi, da wasu siraran jijiyoyi masu haske da suka ratsa layukan. Na takarda kuwa cikinsa gari ne, an rufe bakinsa da tef, zanensa kuma yana maimaita kansa daga allo zuwa allo.

Idan ok na gaske ne, to ta fuskar ƙarfi ba su yi wa juna nisa da iroko ba. Busasshen ok yakan kai kilo 700 zuwa 750 a kowace mita kubik (wato mita guda a tsawo, faɗi da kauri), iroko kuma wajen kilo 650, duka biyun za su ɗauki littattafai shekara da shekaru ba tare da sun gaji ba. Shi ok iri biyu ne a kasuwar duniya, fari da ja. Farin ramukan jikinsa a toshe suke, ruwa ba ya ratsa shi, shi ya sa Turawa suka daɗe suna yin gangunan ajiye abin sha da jiragen ruwa da shi. Jan kuwa ramukansa a buɗe suke, yana shan ruwa, kuma ya fi saurin ruɓewa. A kantar falo wannan bambancin bai dame ka ba sosai, a kicin ne yake zama abin lura.

Inda suka rabu da gaske shi ne yanayi, kuma a nan nake so ka tsaya ka yi nazari. Katako, ko bayan an sare shi an busar, yana ci gaba da shan laimar iska yana sakin ta, yana kumbura da damina yana tsukewa da hunturu, kuma motsin nan a faɗinsa yake, ba a tsawonsa ba. Kamfanonin Turai da Amurka suna busar da ok a ɗakin zafi har ruwan jikinsa ya koma kashi 6 zuwa 12 cikin 100, gwargwadon laimar gidajensu. Mu kuwa a Gombe, da tsakar ranar Janairu ko Fabrairu laimar iska takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, a Agusta kuma ta haura 70, wanda ke nufin ruwan jikin katako zai riƙa sauka zuwa wajen kashi 5 yana hawa zuwa 14 ko fiye a cikin shekara ɗaya. Ok yana cikin katakan da suka fi motsi: daga ɗanye zuwa busasshe ƙarau, farin ok yakan tsuke da kusan kashi 10 cikin 100 a faɗinsa, iroko kuwa da kashi 4 zuwa 5 kawai. A aikace, allon ok mai faɗin santimita 30 zai iya motsi da abin da ya kusanci santimita guda tsakanin hunturu da damina, iroko kuma kusan rabin haka. Idan kafinta ya ɗaure irin wannan allo tamau ta gaba da baya bai bar masa wurin motsi ba, ko dai ya tsage ko ya lanƙwashe kamar akushi, kuma ba laifin katakon ba ne.

Sai dai kada a ɗauka iroko ba shi da tasa matsalar, domin yana da ita, kuma ita ce ta ɓata masa suna a wurin mutane da yawa. Daga dazukan kudu ake kawo shi, inda iska take da laima duk shekara, kuma sau da yawa ana loda shi a mota bai daɗe da fitowa daga injin yanka ba. Wanda ya je Kasuwar Katako ya sayi irin wannan ya miƙa wa kafinta a mako guda, zai ga kanta mai kyau ranar da aka kafa ta, sannan iskar hunturu ta zo ta buɗe mahaɗanta ta murɗe allunan. A nan ok na waje ya fi shi, saboda a bushe yake zuwa. Maganin abin haƙuri ne: a sayi allunan da wuri, a jera su kwance a inuwa cikin ɗaki mai iska, a sa siraran sanduna tsakanin kowane allo da ɗan'uwansa, a ɗora nauyi a sama, a bar su makonni da dama, in da hali su ga hunturu guda kafin a taɓa su. A shafa wa bakunansu fenti don kada su yi saurin bushewa su tsattsage.

Maganar gara kuma ba ta buƙatar doguwar muhawara. Zuciyar iroko, wato tsakiyar itacen, tana cikin katakan da gara ba ta cika kusanta ba, ok kuwa bai taso a ƙasar gara irin tamu ba, ba a kuma dogara da shi a kanta. Abin lura kawai shi ne farin ɓangaren da ke gefen allo, kusa da ɓawo, ba shi da wannan kariya a kowanne daga cikinsu, don haka ka sa kafinta ya yanke shi ya yar. Tunda littattafai za ka jera, ita kuwa gara takarda ta fi so, kada kantar ta taɓa ƙasa, kuma ka riƙa leƙa bayanta don ganin ko ta fara ginin hanya a bango.

A wurin aiki kowanne da halinsa. Ok yana da wani sinadari mai bauri wanda idan ya haɗu da baƙin ƙarfe da laima yakan bar baƙin tabo mai shiga cikin jiki, don haka ba a kafa shi da ƙusa ko sukuru na yau da kullum, sai na tagulla ko na ƙarfen da ba ya tsatsa, kuma dole a fara huda rami kafin a ɗaura. Iroko kuwa wani lokaci ana samun dunƙulen ma'adini mai tauri a cikinsa da ke dakusar da bakin zarto, ƙurarsa kuma tana sa ƙaiƙayi da atishawa da tari. Ina roƙon ka tuna wa kafinta ya rufe hancinsa da na yaran shagonsa lokacin gugar samfefa, don lafiyarsu ta fi kantar muhimmanci.

Akwai wani abu da ya fi zaɓin katako tasiri, wanda ba ka tambaya ba amma ba zan tsallake shi ba, wato kaurin allo da tazarar da ke tsakanin matokarai. Manyan littattafai masu bangon kwali idan suka cika mita guda sukan kai kilo 30 ko su wuce. Allon ok ko iroko mai kaurin inci 1 zai ɗauki wannan idan tazarar ba ta wuce santimita 80 zuwa 90 ba, amma MDF mai milimita 18 bai kamata ya wuce santimita 60 ba, kuma shi idan ya lotsa ba ya komawa. Ƙarin kauri kaɗan yana aiki sosai, domin allon da aka ninka kaurinsa sau biyu juriyarsa ga lotsawa takan ninka sau takwas. Bangon ma a duba shi: bulonmu mai rami ne, wani kuma simintinsa bai isa ba, saboda haka kantar nan da ake gani a hotuna kamar tana shawagi ba matokari, wadda ake ɓoye ƙarfenta a cikin allo, ba ta dace da lodin littattafai a irin wannan bango ba. Gara a yi mata ƙafafu na gefe da za su sauke nauyin ƙasa, a ɗora su a kan ɗan dandamalin siminti ko tayil, sannan a kama samanta da bango don kada ta faɗo a kan yara.

Abin da ba zan hana wa ok ba shi ne kyau. Launinsa mai haske ne kamar na zuma, kuma idan aka yanka shi ta hanyar da jijiyoyinsa suka fito a fuska, yana ba da wani ado da iroko ba shi da shi. Irin wannan yankan ma ya fi na gama-gari ƙarancin motsi, sai dai ya fi tsada. Iroko yana farawa da rawaya-rawaya, ya riƙa duhu har ya koma ruwan ƙasa sosai, wanda wasu ke so wasu ba sa so. Idan launin ne ya kama maka zuciya, Malam, to ka nemi filawud mai kyau da aka lulluɓe da yankan ok na gaske, a kafa masa siririn katako a bakin gaba ya ƙara masa ƙarfi. Filawud ba ya motsi da yanayi kamar allo ɗan asali, amma yana buƙatar maganin gara kuma ba ya son ruwa.

Ga falonka da littattafanka, shawarata ita ce busasshen iroko mai kaurin inci 1, faɗi santimita 25 zuwa 30, matokari a kowace santimita 80, ramukan sukuru na baya a ɗan tsawaita su don allo ya sami wurin motsi. Ka kuma ce wa kafinta ya shafa man katako ko folish a sama da ƙasa da bakuna duka daidai wa daida, domin allon da aka shafe fuska ɗaya aka bar ɗaya, ta wadda aka bari yake shan laima, daga nan kuma yake fara lanƙwasa.